Kemistiri Yana Cikin Buhun Wakenmu, Me Ya Sa Yaranmu Ke Gudunsa?



Abin da ya sa muka yi wannan rubutu shi ne wani abu da muka lura da shi ranar rabon littattafai ga yaranmu da suka gama JSS3. Duk yaron da ya zo karɓar nasa sai mu tambaye shi ajin da zai shiga a SS1, na kimiyya ne ko na kasuwanci ko na adabi. Ɗaya bayan ɗaya suna cewa kasuwanci ko adabi. Da muka matsa da tambayar dalili, sai amsar ta zama kusan guda: an ce kemistiri wuya gare shi. Ba wanda ya taɓa zama ajinsa a cikinsu, jin labari kawai suka yi daga yayyensu. Wani dattijo da muke girmamawa, ɗan kasuwar hatsi, ya ce cikin raha, "To Malam Sakatare, me za a yi da kemistiri a Mile 12?" Aka yi dariya aka watse. Amma tambayar ta kwana a ranmu, domin mun san ba shi kaɗai ke da ita ba. Ra'ayinmu shi ne babu al'ummar da ta fi mu buƙatar wannan ilimi a Legas, saboda kayan da muke sayarwa da abin da muke zuba musu duk kemistiri ne, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Ita kanta kalmar kimiyya da muke amfani da ita daga Larabci ta zo, kuma a Larabcin ma'anarta kemistiri ce. Turawa ma daga can suka ɗauko tasu kalmar. Malamai irin su Jabir ɗan Hayyan sun yi rubuce-rubuce a kan tacewa da narkarwa da haɗa sinadarai tun ɗaruruwan shekaru kafin a gina jami'o'in da ake tinƙaho da su yau. Saboda haka wanda ke kallon fannin a matsayin kayan aro na wasu mutane, bai bi tarihinsa ba.

A taƙaice, kemistiri ilimi ne na sanin abin da aka yi kowane abu da shi, da yadda abu ke rikiɗa ya koma wani. Duk abin da ido ke gani, daga goro zuwa ƙarfen tirela, an gina shi ne da wasu sinadarai na asali waɗanda ba a iya fasa su zuwa wani sinadarin daban ta hanyar dafawa ko narkarwa. Zuwa yau an san guda 118, kuma kusan 90 daga ciki ana samunsu a ƙasa da ruwa da iska. Ƙarfe yana ciki, da zinariya, da dalma, da farar wuta, da iskar oksijin da muke shaƙa. Mafi ƙanƙantar ɓangare na kowannensu shi ake kira atam. Wani Barashe mai suna Mendeleev ya jera su a jadawali a shekarar 1869, har ya bar gurabe babu kowa ya ce akwai waɗanda ba a gano ba tukuna, ya kuma faɗi siffofinsu. Bayan 'yan shekaru aka gano su kamar yadda ya faɗa. Wannan jadawalin ne yaranmu ke hangowa a bangon aji gabansu ya faɗi. Alhali kuwa duk wanda ya taɓa sayen taki ya karanta wani yanki nasa: harufan NPK da ke jikin buhu alamomin sinadarai uku ne daga cikinsa, naitirojin da fosfaras da fotasiyam.

Abin mamakin yana wurin haɗuwa. Sodiyam wani ƙarfe ne mai laushi wanda in aka jefa shi a ruwa sai ya yi tartsatsi, har ya kama da wuta. Kulorin kuma iska ce mai guba wadda aka kashe sojoji da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. In waɗannan biyu suka haɗu, abin da ake samu shi ne gishirin miya. Wannan shi ne darasin farko, kuma shi ne mafi girma: abu biyu in sun haɗu suna haifar da na uku wanda bai yi kama da ko ɗayansu ba. Masu cutarwa kan haɗu su zama abinci, marasa cutarwa kuma kan haɗu su zama ajali.

Ga iyayen da ke son gwadawa a gida, ba sai an je ɗakin gwaji ba. A jiƙa zoɓo a raba shi kofi biyu. A matsa lemon tsami a ɗaya, za a ga jan ya ƙara haske. A zuba ruwan kanwa a ɗayan, za a ga ya yi duhu ya karkata zuwa kore. Lemon tsami da tsamiya suna ɓangaren da ake kira asid, kanwa da ruwan toka suna ɗaya ɓangaren da ke kashe kaifin asid. In aka haɗa kanwa da ruwan tsamiya ana ganin kumfa na tashi, wata iska ce ke fita. Wannan canjin launin shi ne dai abin da ake sa ɗalibi ya auna da kwalabe a jarrabawar gwaji ta WAEC. Iyayenmu mata sun daɗe suna yin kemistiri a madafi, suna jefa kanwa a wake don ya yi saurin nuna. Haka marinan Ƙofar Mata a Kano: zane yana fitowa daga karofi da launin kore-kore, sai iskar oksijin ta taɓa shi sannan ya koma shuɗi a kan idonka. Haka majema da bagaruwarsu. Aikin muna da shi tun kaka da kakanni, bayanin dalilinsa ne muka bar wa wasu.

Yanzu bari mu koma kan tambayar dattijonmu, mu shiga rumbun wake.

Kowa a nan ya san abin da wasu ke yi idan ƙwari suka fara cin kaya. Ana ɗauko maganin ƙwari irin su Sniper a yayyafa kai tsaye a kan wake ko busasshen kifi, a ɗinke buhu. Ba mu ce kowa ke yi ba, kuma mun san da yawa daga masu yin ba mugunta ce ta sa su ba, tsoron asara ne da rashin sani. Sinadarin da ke cikin wannan magani sunansa daikulobos. Yadda yake kashe ƙwaro shi ne yana toshe wani abu da jijiyoyi ke buƙata domin su huta bayan sun isar da saƙo, sai jikin ƙwaron ya yi ta karkarwa har ya mutu. Jijiyoyin ɗan Adam da irin wannan abin suke aiki. Wato maganin bai san bambancin ƙwaro da yaron da zai ci ƙosai gobe da safe ba, bambancin kawai yawan abin da ya shiga jiki ne. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda wannan sinadarin. Iyakar da suka yarda da ita ita ce kashi ɗaya cikin ɗari na miligiram a kowane kilo, kuma abin da suka samu a wakenmu ya ninka hakan sau da yawa. A nan gida kuma, duk lokacin da hoton wani mai yayyafa magani ya zagaya a waya, ba sunan mutum ɗaya ake kira ba. Cewa ake yi Hausawa masu wake. Mu da ke zaune a garin wasu mun san nauyin irin wannan magana, mun kuma ga yadda ƙaramin zargi a kasuwa ke zama babbar fitina.

Abin takaicin shi ne akwai mafita, kuma ita ma kemistiri ce. Buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro domin ajiyar wake, ba ya buƙatar ko ɗigon magani. Ledoji biyu ne a ciki da buhu a waje. In aka ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki sai su shanye ɗan oksijin ɗin da ya rage, su daina ci, su mutu. Wanda ya fahimci dalilin ba zai riƙa buɗe buhun kowane mako yana leƙawa ba, ba kuma zai yi amfani da wanda ya huje ba. Wanda bai fahimta ba sai ya yi kuskuren ya ce buhun ƙarya ne, ya koma wa kwalba.

To ta yaya Turawan suka san abin da ke cikin waken, alhali ba a gani, ba a jin wari? Wannan aikin wani reshe ne na kemistiri, na awo da tantancewa, wanda a makaranta ake kira analitikal. Shi ne ke amsa tambaya biyu: mene ne a ciki, kuma nawa ne. Mu a ganinmu shi ne reshen da ya fi kusa da rayuwarmu. Da shi hukumar NAFDAC ke gwada abinci da magani a ɗakunan gwajinta na Oshodi da Yaba. Da shi ake gane ruwan rijiyar burtsatse mai kyau da marar kyau. Kuma da shi aka gano abin da ke kashe yara a Zamfara a shekarar 2010. A ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum yara suka yi ta suma da farfaɗiya suna mutuwa, aka yi ta zaton zazzaɓi ne ko sanƙarau ko iska. Sai da aka auna jininsu aka ga gubar dalma ce. Duwatsun da ake haƙowa domin zinariya suna ɗauke da dalma, ana niƙa su a cikin gidaje, ƙurar tana sauka a ƙasar da yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Sama da yara 400 suka rasu. Iyayensu suna ƙaunarsu kamar yadda muke ƙaunar namu, neman halak suke yi. Abin da ya rasa shi ne mutum ɗaya a ƙauyen da zai ce wannan ƙurar guba ce.

Reshen da ya fi kowanne faɗi shi ne na sinadaran da aka gina a kan kabon, wato sinadarin da ke cikin gawayi, ana kiransa oganik. Man fetur, roba, leda, sukari, man gyaɗa, sabulu, farasitamol, har da maganin ƙwarin da muka ambata, duk nan suke. A da masana sun ɗauka irin waɗannan sinadarai sai jikin mai rai ne ke iya samar da su. A 1828 wani Bajamushe mai suna Wohler ya haɗa yuriya a ɗakin gwaji, sinadarin da ke fita a fitsari, ba tare da ƙodar mutum ko dabba ba. Yuriyar nan ita ce farin takin da muke aika wa 'yan uwa a gida da damina, mai lamba 46 a jikin buhu, ma'ana kashi 46 cikin ɗari naitirojin ne. Kuma a nan kusa da mu ake yin ta. An buɗe masana'antar takin Dangote a Lekki a 2022, aka ƙaddamar da matatar mai mai ɗaukar ganga 650,000 a rana a 2023. Yaranmu suna zuwa wurin, amma galibi a matsayin direbobi da masu gadi da masu dako. Ba mu raina waɗannan sana'o'i ba, da su aka rene mu. Tambayarmu kawai, me zai hana a samu namu a cikin ɗakin gwaji da ɗakin sarrafa injuna?

Sauran sinadaran da ba na kabon ba, irin su ƙarafa da gishiri da kanwa da siminti da ruwan batir, suna ƙarƙashin reshen inoganik. Ba za mu tsawaita a nan ba sai gargaɗi ɗaya ga matanmu da masu aikin wankin banɗaki. Kada a haɗa ruwan bilic da maganin wanke masai mai asid da nufin ya fi ƙarfi. Haɗin yana sakin iskar kulorin, waccan dai da muka ce an yi yaƙi da ita, kuma a ƙaramin banɗaki rufaffe tana iya shaƙe mutum kafin ya kai ƙofa.

Akwai kuma reshen fizikal, mai nazarin zafi da sanyi da saurin rikiɗar abubuwa. Shi ke bayanin yadda randa ke sanyaya ruwa: ɗan ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, yana tafiya da zafi. Shi ke bayanin yadda matata ke raba ɗanyen mai zuwa gas da fetur da kananzir da dizal, domin kowanne da zafin da yake tafasa. Kuma shi ke bayanin abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, inda tankar mai ta faɗi, mutane suka taru ɗiba, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu. Ba ruwan fetur ne ke kamawa da farko ba, tururinsa ne. Tururin ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana yaɗuwa nesa da inda man ya zube, ido ba ya ganinsa. Tartsatsi ɗaya daga bokitin ƙarfe ko salansar babur ya isa. Mun san talauci ne ke tura mutum wurin. Amma mun yi imani da yawa daga masu tsayawa kallo, da sun san cewa suna tsaye ne a cikin tururin, da sun ja da baya. Wannan kuma ya shafi masu sayar da mai a galan a cikin unguwa, da mai surka kananzir da fetur don riba, wanda ke mayar da fitila da risho bam a ɗakin talaka.

Na ƙarshe shi ne kemistirin jikin mai rai, bayokemistiri. Sau nawa muka ji an wayi gari an tarar da iyali gaba ɗaya sun mutu a ɗaki, aka ce guba aka sa musu ko aljanu ne, alhali janareta ne aka shigar cikin gida ko baranda saboda tsoron ɓarayi? Hayaƙinsa na ɗauke da wata iska, kabon monoksaid, marar launi marar wari. Tana manne wa sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini da ƙarfin da ya ninka na oksijin ɗin fiye da sau 200. Mutum yana barci jininsa na cika da ita, ba zai farka ba balle ya nemi taimako. Garwashin gawayi a rufaffen ɗaki ma haka yake yi. Wannan reshen ne kuma ya gano cewa sukari na taimaka wa hanji ya tsotsi gishiri da ruwa, shi ya sa ruwan gishiri da sukari ke ceto yaro mai gudawa. Shi ne ya nuna cewa cutar sikila canji ne ƙarami a wancan sinadarin na jini, wanda gwaji kafin aure ke iya nunawa.

Mun san abin da wasu iyaye za su ce, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ba. Za su ce ga masu digirin kemistiri nan suna tuƙa Keke, yaron da ya zauna a shago kuma har ya yi aure ya gina gida. Akwai gaskiya a ciki. Takarda ba ta ba da tabbacin aiki a ƙasar nan. Za su ce makarantun gwamnati da yawa ba su da kayan gwaji, yaro sai ya haddace launin abin da bai taɓa gani ba. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ne asalin wuyar da yaran ke ji, tare da Turancin da ake koyarwa da shi. Amma mu ba cewa muke yi kowane yaro ya bar kasuwa ba. Cewa muke yi ɗan kasuwar da ya san abin da ke cikin kwalbar da yake riƙe da ita ya fi wanda bai sani ba, ko da bai taɓa neman aikin ofis ba. Sannan a lura da yadda ƙofar take. Yaron da ya shiga ajin kimiyya yana iya komawa kasuwanci daga baya in ya ga dama. Wanda bai yi kemistiri a SS1 ba kuwa, ya rufe wa kansa likitanci da haɗa magunguna da aikin jinya da injiniyanci da aikin gona na jami'a, domin JAMB da makarantun suna neman sa. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu ne ke rufe wannan ƙofa, bisa jita-jitar abokansa, mu kuma muna kallo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganar ta fi zafi a kan 'ya'yanmu mata. Mu ne ke ƙorafi a asibiti cewa babu likita mace da za ta duba matanmu, babu nas mai jin Hausa da za ta fahimci abin da tsohuwa ke faɗa. To daga ina za su fito? Ba daga sama za a sauko da su ba. Daga ajin kimiyya na SS1 suke fitowa, ajin da muke ce wa yarinya ba sai ta wahalar da kanta ba tunda aure za ta yi. Wanda kuma yake ganin shekarun likitanci sun yi yawa ko kuɗin ya fi ƙarfinsa, akwai difloma ta fasahar ɗakin gwaji a kwalejoji irin su Yabatech, akwai makarantun jinya da ungozoma da na kiwon lafiya. Dukkansu da kiredit a kemistiri ake shiga.

Ga abin da za mu gabatar wa shugabanni a zama mai zuwa, kuma muna neman goyon bayanku. Muna so a ware safiyar Asabar a ɗakin taron ƙungiya domin darasin kemistiri da lissafi ga yaran JSS3 da SS1, maza da mata, a riƙa yin bayani da Hausa kafin a koma Turancin jarrabawa, da zoɓo da kanwa da toka a kan tebur. Muna da matasa a cikinmu da suka karanta fannin, wasu suna hidimar ƙasa a nan, abin da suke buƙata kuɗin mota ne kawai. Muna kuma so shugabannin 'yan hatsi da 'yan kifi su ba mu rana guda a kasuwa a yi wa mambobi bayanin magungunan ajiya da buhu mai ruɓi uku, a kuma duba yiwuwar ƙungiya ta sayo buhunan a sari domin farashin ya sauko.

Iyayen da yaransu za su shiga SS1 a zangon nan, don Allah kada a cike takardar zaɓen aji sai an zauna da yaron an duba sakamakonsa na lissafi da kimiyya. Wanda bai gane takardar ba ya kawo ta ofishin ƙungiya bayan sallar La'asar, za mu duba tare. Dattijonmu mai tambaya kuma mun riga mun je rumfarsa mun yi masa wannan bayani baki da baki. Bai ce ya yarda da duka ba, amma ya ce a rubuta sunan jikarsa a darasin Asabar, ya kuma tambayi kuɗin buhun.

Wassalam.
Sakataren Ƙungiya